Rabi Magani, Rabi Ruwa: Gwajin Shan Inna na 1954

A farkon shekarar 1954, ƙananan 'yan firamare a jihohi 44 na Amurka suka riƙa komawa gida da wata takarda a jakar makaranta, malama ta ce a kai wa iyaye su sa hannu. Takardar ta ce za a yi wa yaro allura uku cikin mako biyar, da wani jan ruwa da aka haɗa daga ƙwayar cutar shan inna ita kanta. A jihohi 11 daga ciki an ƙara wani bayani mai wuyar haɗiya: rabin yaran da aka kawo maganin gaske za a tsira musu, rabin kuma ruwa ne zalla mai launin maganin, kuma ba wanda zai san wanne ɗansa ya samu, har likitan da ke riƙe da sirinjin.

Wanda ya tsara takardar nan ya san hannunsa. A inda uba zai sa hannu ba a rubuta cewa ya amince ba, an rubuta cewa yana roƙon a sa ɗansa. Da kalma guda mai bayarwa ya koma mai nema. Kafin shekara ta ƙare, yara kusan miliyan 1.8 ne suka shiga lissafin wannan gwaji, kuma wata jami'a ce a ƙaramin gari mai suna Ann Arbor ta riƙe alƙalamin hukunci.

Sai mutum ya san irin tsoron da ake ciki kafin ya gane dalilin da ya sa iyaye suka sa hannu. Bahaushe ya raɗa wa cutar suna tun kafin a san ƙwayarta: Inna ce ta sha ƙafar yaro. Ƙwayar kuwa ta baki take shiga, daga bayan-gidan mai ɗauke da ita, ta ruwa ko ta hannun da ba a wanke ba. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba su ma sanin ta shiga. Kimanin ɗaya cikin 200 ne take hayewa lakarsa ta shanye masa gaɓa, in ta taɓa naman numfashi kuma sai dai a yi addu'a. Abin da ya rikita likitoci shi ne, ƙasashen da suka fi tsafta su ta fi yi wa annoba. Inda ruwa bai da kyau, jariri yana haɗuwa da ƙwayar tun yana shan nono, garkuwar uwarsa na kare shi, ya warke bai sani ba, ya sami tasa garkuwar. Inda aka gyara famfo da magudana kuwa, yaro sai ya kai shekara biyar ko goma bai gamu da ita ba, ran da suka gamu ta same shi tsirara. A riƙe wannan batu, zai dawo mana a gaba.

A 1916 annobar ta kashe mutum fiye da 2,000 a birnin Niyok kaɗai. Daga nan kowace bazara sai an yi ta. A rufe wuraren iyo, a hana yara shiga silima, uwa ta riƙa sa ɗanta ya sunkuyar da kai ya taɓa ƙirji da haɓa don ta ga ko wuyansa ya sage. A asibitoci akwai ɗakuna cike da wata na'ura da ake kira huhun ƙarfe, doguwar ganga da ake zura yaro ciki, kansa kaɗai a waje, injin na matsa ƙirjinsa yana saki dare da rana, ga ƙaramin madubi a saman fuskarsa don ya ga mai shigowa. A 1952 aka yi mafi muni: mutum kusan 58,000 suka kamu, fiye da 3,000 suka mutu, fiye da 21,000 suka tashi da shanyewar gaɓa.

Kuɗin yaƙin bai fito daga baitulmalin gwamnati ba. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921 yana da shekara 39, ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar a 1938 yana kan kujerar shugaban ƙasa, ya ɗora tsohon abokin aikinsa na lauya, Basil O'Connor, a kanta. Wani ɗan wasan barkwanci, Eddie Cantor, ya kawo shawarar kowa ya aika da tsabar senti 10 zuwa fadar shugaban ƙasa, kamar a ce a zamanin kwabo kowa ya aika da sule ɗaya. A karon farko sulallan da suka iso sun haura miliyan biyu da rabi, ma'aikatan fadar suka rasa inda za su sa ambulan. Haka aka ci gaba shekara da shekaru: gwangwani a kan kantar mai shago, iyaye mata suna bin gida-gida da dare, wanda zai ba da sadaka ya kunna fitilar ƙofarsa. A ganina nan ne sirrin takardar 1954 yake. Matar da ta shekara goma tana jefa sule a gwangwani, ran da aka ce ga magani a zo a gwada, gani take kayanta ne ya iso.

Sai dai masana suna da tabon da jama'a suka manta. A 1935 likitoci biyu, Maurice Brodie a Niyok da John Kolmer na Jami'ar Temple, kowa ya haɗa nasa rigakafin ya yi wa dubban yara cikin gaggawa. Wasu yaran suka shanye, wasu suka mutu, kuma saboda ba a tsara gwajin da kyau ba, ba wanda ya iya nuna ko maganin ya kare kowa. Shekara kusan ashirin ba a sake kusantar yara da irin wannan allura a fili ba.

Ƙofar ta buɗe a 1949, lokacin da John Enders da Thomas Weller da Frederick Robbins a Bostan suka nuna ana iya renon ƙwayar cutar a cikin kwalba, a kan naman da ba na jijiyar laka ba. Wanda ya fi kowa saurin cin moriyar wannan shi ne Jonas Salk, ɗan Yahudawa 'yan ci-rani da aka haifa a Niyok a 1914, wanda ya koma Jami'ar Pittsburgh a 1947. Dabararsa mai sauƙin faɗi ce. A reni ƙwayar, iri ukunta duka, a kan ƙodar biri. A kashe ta da fomalin, sinadarin nan da ake adana gawa da shi. A tsira wa yaro mushen ƙwayar, jikinsa ya ga kamanninta ya haɗa mata garkuwa. Wuyar aikin a wurin kisan take: in ka dafa ta da yawa jiki ba zai gane ta ba, in ka rage ko kaɗan ka tsira wa yaro cutar da hannunka.

A 1952 Salk ya fara gwadawa a ɓoye, a wani gidan renon yara guragu kusa da Pittsburgh da kuma wata makarantar gwamnati ta masu taɓin ƙwaƙwalwa. Wannan ɓangaren ba a cika son tsayawa a kansa ba, amma a zamanin haka ake yi: in za a taɓa sabon magani, marayu da fursunoni da waɗanda aka killace ake fara nema, domin ba su da bakin cewa a'a. A 1953 kuma ya yi wa kansa, da matarsa, da 'ya'yansa maza uku.

Yanzu saura gwajin ƙasa baki ɗaya, kuma a nan rigima ta kaure.

Tsarin da gidauniya ta fara so shi ne mai sauƙi. A yi wa 'yan aji biyu allura, a bar 'yan aji ɗaya da na uku, a zuba ido, a ƙarshen bazara a kwatanta. Salk ma haka yake so. Ya riga ya sakankance maganinsa na aiki, don haka a wurinsa tsira wa yaro ruwa a tsakiyar annoba zalunci ne da aka yi wa ado da sunan ilimi. Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma duk uba zai fahimce ta. Amma masana ƙididdiga da jami'an lafiya na wasu jihohi suka ce atafau. Shan inna cuta ce mai hawa da sauka, bana ta cinye gari, baɗi ta tsallake shi. Kuma ganewarta na da wuya: likitan da ya san an yi wa yaro allura, in ya ga zazzaɓi da ciwon wuya zuciyarsa za ta ce masa mura ce, in ya san ba a yi ba ta ce masa shan inna ce, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Likitan gwamnati da aka fara ɗauko wa aikin, Joseph Bell, ya dage sai an yi da allurar ruwa, da aka kasa daidaitawa ya tattara nasa ya tafi. A gefe kuma ga Albert Sabin na Jami'ar Cincinnati, wanda bai yarda da matacciyar ƙwaya ba sam, yana faɗa a fili cewa a dakata.

O'Connor ya gane yana bukatar alƙalin da ba wanda zai ce ɗan amshin shata ne. Aka je wurin Thomas Francis, shugaban sashen nazarin annoba a makarantar lafiyar jama'a ta Jami'ar Mishigan. Abin dariyar shi ne Francis malamin Salk ne, a ƙarƙashinsa Salk ya koyi sana'ar, suna haɗa wa sojoji rigakafin mura lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Francis ya karɓa, amma da sharuɗɗa. Sai an yi da allurar ruwa a wani babban yanki, ta hanyar ƙuri'a, ba tare da kowa ya san wa ya sami me ba. Cibiyar tantancewa a jami'arsa za ta zauna. Gidauniya ta biya kuɗi ta ja baya, ba mai leƙa masa takarda, ba mai sa masa ranar gamawa. Aka ba shi duka. Shi ya sa gwajin ya fito da fuska biyu: jihohi 33 suka bi tsarin zuba ido na gidauniya, 11 suka bi na Francis, wasu yankunan Kanada da Finlan ma suka shiga.

Akwai wata jami'ar da ba a cika ambata ba. Ruwan ƙwayar da ake bukata ya fi ƙarfin kowane ɗakin bincike a Amurka, sai aka dogara da cibiyar Connaught ta Jami'ar Toronto. A can wata masaniya, Leone Farrell, ta gano in aka sa naman ƙodar a manyan kwalabe aka riƙa jijjiga su a hankali kamar mai lallashin jariri, ƙwayar tana yaɗuwa ninkin ba ninkin. Daga Toronto ake ɗauko ruwan a mota, cikin ƙanƙara, a tsallaka iyaka a kai wa kamfanonin Parke-Davis da Eli Lilly su kashe ƙwayar su ɗura a kwalabe.

Saura mako uku a fara, wani shahararren mai shirin rediyo, Walter Winchell, ya shaida wa ƙasar cewa sabon maganin mai yiwuwa kisa yake, an sami rayayyiyar ƙwaya a wasu rukunan. Da gaske an samu, kuma saboda haka aka zubar da waɗancan rukunan, domin kowane rukuni sai wurare uku sun gwada shi: kamfanin, da ɗakin binciken Salk, da na gwamnati. Wannan rabin maganar Winchell bai tsaya a kansa ba. Dubun dubatar iyaye suka janye 'ya'yansu. Sauran suka tsaya.

Ran 26 ga Afrilu 1954, a wata firamare a garin McLean na jihar Bajiniya, aka naɗe wa wani yaro ɗan shekara shida hannun riga aka tsira masa ta farko. Daga nan abin ya bazu. Likitoci da jami'an lafiya kimanin 20,000, malaman jinya kimanin 40,000, dubban malaman makaranta, da 'yan sa-kai wajen 200,000, yawancinsu iyaye mata. A ajin da aka mayar ɗakin allura, yara na layi, wata uwa na riƙe da rajista, wata na riƙe da kafaɗar mai kuka. A kan tebur ga ƙananan kwalabe, duk jan ruwa iri ɗaya, ba suna a jiki sai lamba. A rubuta lambar kwalba a gaban sunan yaro, domin allurarsa ta biyu da ta uku dole su fito daga irin ta farko. Wanda ya gama a ba shi alewa, wanda ya cika ukun a ba shi kati da ɗan bajo na maƙalawa a riga. Fassarar lambobin kuwa tana Ann Arbor a kulle.

Sai jira. Duk yaron da ke cikin rajista da ya kwanta da abin da ya yi kama da shan inna, a ɗauki jininsa da bayan-gidansa a aika ɗakin gwaji, masu gashin ƙashi su auna ƙarfin gaɓoɓinsa, a aika rahoto. A cibiyar Francis, ma'aikata da suka haɗa da waɗanda aka aro daga hukumar ƙidayar jama'a suna ta zuba bayanai a kan katuna masu huda na injin IBM, wani abin kuma da fensir. Sai an yanke hukunci a kan kowane yaro, shan inna ce ko ba ita ba, kafin a duba abin da aka tsira masa. O'Connor, da bai san komai ba kamar kowa, ya yi caca da dala miliyan 9 na sadakar jama'a ya sayi maganin ya ajiye, don kada sakamako ya fito da kyau a rasa abin yi wa yara.

Ga abin da katunan suka nuna a jihohin ƙuri'a. Yara 200,745 sun sami maganin gaske sau uku, 33 a cikinsu suka shanye. Yara 201,229 sun sami ruwa, 115 suka shanye. Wato 16 cikin kowace 100,000 a wancan ɓangare, 57 a wannan. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, ba wadatar iyaye ko unguwa ko shekaru ba, babu abin da ya bambanta rukunan biyu in ban da abin da ke cikin kwalba.

Amma lambar da ta fi burge ni ta uku ce. A waɗannan jihohin akwai yara fiye da 338,000 da ba a yi musu komai ba, galibi saboda iyayensu ba su sa hannu ba. Hankali zai ce su da 'yan allurar ruwa daidai za su kamu, tun da duk ba su da kariya. Ba haka aka gani ba: su 36 ne cikin 100,000, 'yan ruwa 57. Ruwan ne ya jawo cutar? A'a. Iyayen da suka sa hannu sun fi karkata ga masu ilimi da abin hannu, masu gidaje masu tsafta, waɗanda 'ya'yansu ba su gamu da ƙwayar suna jarirai ba. Waɗanda suka ƙi sun fi yawa a cikin talakawa, kuma 'ya'yan talakawa da yawa sun riga sun sami garkuwa tun a zanin goyo. Ke nan sa hannun kansa ya tace yaran da suka fi shiga hatsari. Da an kwatanta waɗanda aka yi wa allura da waɗanda suka ƙi, da maganin ya fito da rauni fiye da gaskiyarsa, masu suka su sami abin riƙewa. Taurin kan Francis ne ya toshe wannan ramin. Har yau da wannan misali ake koya wa ɗalibai dalilin da ya sa mai gwajin magani ba ya zaɓen wanda zai ba da hannunsa, ba ya kuma barin mara lafiya ya zaɓa.

An sanar da sakamakon ran 12 ga Afrilu 1955, shekara goma cif da rasuwar Roosevelt, a babban ɗakin taro na Rackham a Jami'ar Mishigan. Mutum wajen 500 a ciki, ga kyamarorin talabijin a baya. 'Yan jarida suka yi wawason takardar taƙaitawa, wasu har kan tebura, suka ruga wayar tarho kafin Francis ya buɗe baki. Shi kuwa ya tsaya ya karanta rahotonsa fiye da awa ɗaya da rabi, da murya ɗaya, jadawali bayan jadawali: a yankunan ƙuri'a maganin ya hana shanyewa da kashi 80 zuwa 90 cikin 100, ya ɗan fi rauni a kan nau'i na ɗaya na ƙwayar. A waje ana kaɗa ƙararrawar coci, ana busa hon, an tashi wasu makarantu. Kafin dare gwamnati ta ba kamfanoni lasisi.

Salk bai fita daga ranar da tsabta ba a idon abokan sana'a. Da ya hau mumbari bai ambaci ma'aikatan ɗakin bincikensa da suna ba, suna zaune suna kallonsa, ya kuma ce sabon haɗin da yake yi zai fi wanda aka gwada, abin da ya ɓata wa Francis rai, mutumin da ya shekara yana ƙirga abin da ke akwai. Da dare a talabijin, da ɗan jarida Edward Murrow ya tambaye shi wa ke da haƙƙin mallakar maganin, ya ce na jama'a ne, ya tambaya ko ana iya mallakar rana. Jama'a wannan suka riƙe.

Murnar ba ta yi mako biyu ba. Rahotanni suka fara zuwa daga Kalifoniya da Idaho: yara na shanyewa 'yan kwanaki bayan allura, kuma shanyewar na farawa daga hannun da aka tsira. Duk daga kamfani ɗaya, Cutter, na garin Berkeley. Allurai kimanin 120,000 sun fita da rayayyiyar ƙwaya. Yara wajen 40,000 suka yi zazzaɓin cutar, kuma in aka haɗa da 'yan gida da maƙwabtan da suka ɗauka daga gare su, mutum 164 suka shanye, 10 suka mutu. Wata masaniyar gwamnati, Bernice Eddy, ta riga ta ga samfurin wannan kamfani ya shanye birai ta kai rahoto, maganarta ba ta isa inda ya kamata ba. Gwajin nan sau uku da aka yi wa kowane rukuni a 1954, da aka shiga kasuwa an sassauta shi. Aka dakatar da allurar a watan Mayu, aka tsaurara dokoki, wasu manya suka bar kujerunsu, aka ci gaba. Zuwa 1957 masu kamuwa sun sauko ƙasa da 6,000, zuwa 1962 ba su kai 1,000 ba.

Sabin bai sauka daga bakansa ba. Nasa maganin rayayyiyar ƙwaya ce da aka raunana, ana ɗigawa a baki. Amurka ta riga ta cika da yaran da aka yi wa allurar Salk, ba inda zai gwada, sai ya haɗa kai da Mikhail Chumakov na Tarayyar Sobiyet, a tsakiyar zaman doya da manja tsakanin ƙasashen biyu. A 1959 aka ba mutum fiye da miliyan 10 a can. Ɗigon ya fi arha, ba ya bukatar sirinji ko likita, don haka da duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar a 1988, lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125, shi aka ɗauka. Shi ne wanda matan nan masu hijabi da ƙaramin akwatin ƙanƙara ke kawowa ƙofar gida, su ɗiga biyu a bakin yaro, su shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango.

Mu ma muna da namu labarin gwaji, kuma ba a aiko da takarda a jakar makaranta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kimanin 200: rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani tsohon magani, ceftriaxone. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗayan, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi ɓarnar, kuma an yi wa iyaye bayani da baki sun yarda. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani ake ba 'ya'yansu. Bayan da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, aka kuma ji cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba.

Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na ɗauke da abin hana haihuwa, sunan Trovan na cikin abin da ake kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, ba a dawo ba sai Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A tsakanin nan da bayansa ƙwayar ta bi hanyoyin fatauci da na aikin hajji ta sake ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiyar kanta. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, wasu suna ɗiga wa jikokinsu a bainar jama'a, sannan ƙofofi suka sake buɗewa. An ga ƙwayar daji, wato asalin ƙwayar cutar ba wadda aka raunana ba, a karo na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

Sulallan da O'Connor ya yi caca da su ba su faɗi ba. A bazarar 1955 aka raba maganin da ya saya kyauta, kuma yaran da suka shiga gwajin ba su sami na gaske ba suna sahun farko, kamar yadda aka yi wa iyayensu alkawari. Aka sake jera su a layi, aka sake naɗe musu hannun riga. Ban da 115 ɗin nan da suka shanye, waɗanda suka sha zafin allura uku, suka karɓi alewa da bajo kamar kowa. A jadawalin Francis akwai layin waɗanda shan inna ta kashe a jihohin ƙuri'a. A gaban masu maganin gaske babu kowa. A gaban masu ruwa an rubuta 4.